Zan ɗinka ƙyallen tunawa da Inna, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Amurka, Innarmu ta rasu a nan wajena bara bayan doguwar jinya. Asibitin da ta kwanta suna da wata al'ada: iyalan da suka yi rashi kowa ya ɗinka ƙyalle mai inci 12 kowane gefe, a harhaɗa a yi babban bargo a rataye. Akwatinta na nan da atamfofi, da shadda, da wani zane rinin Ƙofar Mata da take ji da shi. Zuciyata na so, amma hannuna ya ƙi ɗaukar almakashi. Ya halatta kuwa? In ya halatta, ta ina zan fara?

Wani malami: Allah Ya jiƙanta, Ya sa jinya ta zama kaffara. Kafin zancen ɗinki, 'yata, tufafin mamaci gado ne, har ɗankwali. Ki nemi yardar duk magada, ko ki ɗauki zanen a cikin kasonki. Ɗinkin kansa ban ga laifinsa ba muddin ba neman tabarraki ake yi da shi ba. Kada dai ki sa aya ko sunan Allah, don ba ki san inda bargon zai ƙare ba. Abin da ke isa gare ta kuwa addu'arki ce da sadaka mai gudana, kamar yadda ya zo a hadisin Muslim.

Wata tela daga Kano: Allah Ya ba ku haƙuri. Ƙanwata, ba sai kin lalata zane ba, ki yanki bakinsa wajen da ake sokewa, saura ya ci gaba da ɗauruwa. Ki wanke rinin shi kaɗai da ruwan sanyi har ya daina zuba, in ba haka ba baba zai ɓata ƙyallen maƙwabta. Ki yanka inci 12 da rabi, rabin nan na ɗinki ne. Shadda da atamfa duk auduga ce, suna zama lafiya tare. Leshi kam ki bar shi, yana jan ɗinki. Sunanta ki yi da surfani da hannunki, ko ya karkace ba komai.

Wata mazauniyar Amurka: Abin ya daɗe a wajensu. A 1987 aka shimfiɗa bargon tunawa da waɗanda cutar ƙanjamau ta kashe a Washington, kowane ƙyalle ƙafa 3 da ƙafa 6, girman kabari. Ki tambayi asibitin ko ana mayar wa mutum da nasa, don galibi in ya shiga bargo ya shiga ke nan.

Wata Hajiya: Ni dai da an rabar da zannuwan ga mabuƙata, duk wadda ta ɗaura ta yi salla Inna ta samu lada.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka. Hajiya, atamfofin za su tafi gida a rabar in sha Allah. Yaya ya yarda in yanki bakin rinin, saura Anti, ita har yanzu ba ta ɗaga waya ba.