Inna na shan maganin maƙoƙo tare da Gestid, ko akwai matsala?

Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nike nema akan Innarmu. Bara anka yi mata aikin maƙoƙo, tun lokacin kullum sai ta sha levothyroxine (maganin da ke maye gurbin sinadarin da maƙoƙon ke samarwa) ƙwaya ɗaya. To kwanan nan jikinta duk ya mutu, bacci kawai, ga jin sanyi, duk zafin Birnin Kebbi sai ka ganta da rana tsaka lulluɓe da zane, fuska ta ɗan kumbura. Munka je gwajin TSH (gwajin jini na duba aikin maƙoƙo) anka ce ya hau, wai alamar maganin bai isar ta, kuma wallahi bata tsallake rana ni nike miƙa mata bayan asuba. Abinda ya ƙaru kawai ƙwannafi ne ya matsa mata, tana haɗiye ƙwayar sai ta bi ta da maganin ƙwannafi Gestid cokali biyu, wata rana kuma ta jiƙa kanwa ta sha. Hankalina ya tashi sosai.

Wata nas daga Gusau: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Inna lafiya. 'Yar uwa Gestid ɗin nan nike zargi. Shi da Mist Mag (shi ma maganin ƙwannafi ne) akwai magnesium cikinsu, Gestid har da aluminium, su kan riƙe levothyroxine tun cikin ciki kafin ya shiga jini, sai a sha magani kamar ba'a sha ba. Ta sha ƙwayar da ruwa zalla ciki ba komi, ta jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin koko, shi kuma maganin ƙwannafin sai bayan awa 4. Ƙwayar ƙarin jini da ta calcium suma awa 4 ne. Kanwar ma a jinkirta ta don tana kashe tsamin ciki, shi ko maganin sai da tsamin yake narkewa da kyau.

Wani daga Argungu: Ni omeprazole nike sha, mai rage tsamin ciki, shi ma likita yace yana rage shigar maganin, shi yasa yake yawan turani gwaji. Kar ku ƙara mata ƙwayar levothyroxine da kanku fa, yana sa bugun zuciya. Ku tafi da kwalbar Gestid ɗin wajen likitan ya gani, in an gyara lokaci sai a sake TSH bayan sati 6 zuwa 8.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na ɗauke kwalbar daga gefen gadonta, gobe da safe zamu asibiti da ita.