Ƙagagge ne ko ƙage? Yadda aka kwana ana ja a kan labarin furen kuɓewa

Maman Tagwaye (Bur Sudan): Salama gare ku, iyayena da yayyena. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Lahadi. Kun san tun da yaƙi ya tashe mu daga Khartum a watan Afrilun 2023 muke zaune a ɗaki guda, kuma tun da madatsar Arba'at, wadda ke ba Bur Sudan ruwan sha, ta ɓalle a watan Agustan 2024 ruwa ya zama abin da ake kwana da tunaninsa a garin nan. A cikin wannan hali na rubuta gajeren ƙagaggen labari game da wata gwauruwa mai jiran yaron da ke kawo ruwa a amalanken jaki. Kullum idan ya cika mata jarka biyu, abin da ya tsiyaya daga bakin tiyo yakan jiƙa gindin wani tsiron kuɓewa da ya fito da kansa a jikin katanga, har wata safiya ya buɗe fure rawaya mai jan ciki, ta tsaya tana kallonsa har shayinta ya huce. Abin da nake nufi shi ne maganar Yesu Almasihu a Matiyu sura 6, cewa ko Sulemanu bai yi ado irin na furannin jeji ba. Na karanta shi a zumuntar mata, wasu har da hawaye, amma da aka tashi wani dattijo ya ja ni gefe ya ce majami'a ba dandalin tatsuniya ba ce. Ni kuwa ina nan a kan bakana: labari irin wannan ya fi wa'azin awa guda buɗe wa mutum ido ya ga kyawun da Allah ya ajiye masa a ƙofar ɗaki.

Baba Dattijo (Kasala): 'Yata, Allah ya ba ki haƙuri, amma da bakinki kika kira shi ƙagagge. Duk wanda aka taɓa yi wa ƙage ya san ɗacin kalmar, kuma a Fitowa sura 20 an hana mu shaidar zur. Ina tambayarki, akwai wannan gwauruwa ko babu? Idan babu ita, to matan da suka zubar da hawaye, a kan wa suka zubar?

Malamin Hausa (Atbara): Baba, ranka ya daɗe, ka haɗa tuwo biyu a malmala ɗaya. Ƙage shi ne a ɗora wa mutum laifin da bai yi ba, ƙagawa kuwa ita ce a samar da abin da babu shi a da, kamar yadda mawaƙi ke ƙaga waƙa ba wanda ya ce ya yi ƙarya. Wannan ɗari-ɗari ba sabo ba ne. A 1933, lokacin da Rupert East, wani Bature jami'in ilimi, ya shirya gasar rubuta labarai a Zariya, sai da ya sha fama kafin malamai su yarda su rubuta abin da bai faru ba, domin suna ganin aikin mata da yara ne. Yau kuwa da littattafan da suka fito daga gasar ake koyar da 'ya'yanmu.

Ɗan Mai Wurno: Ni Musulmi ne, ba zan sa baki a sha'anin majami'arku ba, amma kalma ta kowa ce. A wurinmu akwai ƙissa, wadda ta faru kuma tana da madogara, akwai kuma tatsuniya. Kakata idan ta gama tatsuniya takan ce ba domin gizo ba da ta yi ƙarya, wato Bahaushe da kansa ya san abin da yake zubawa. Saboda haka ina ganin Baba bai yi nisa da gaskiya ba, ko da yake ni ma ina sauraron tatsuniya ban ga laifinta ba.

Yayar Maman Tagwaye (Bur Sudan): Baba, da girman kujerarka, amma ba zan yi shiru ana kiran ƙanwata maƙaryaciya ba. Lokacin da annabi Natan ya je wurin sarki Dawuda, a 2 Sama'ila sura 12, labarin matalauci mai 'yar tunkiya guda ya ba shi, Dawuda ya husata ya yanke hukunci, sannan aka ce masa shi ne mutumin. Ina garin wannan matalauci yake? Basamariyen da ya ɗauki wanda 'yan fashi suka sassara a hanyar Yariko, wa ya san sunan ubansa? Ni dai na san irin dattawan da ba sa son a ji muryar mace a gaban jama'a, ko da zabura ta karanta.

Baba Dattijo (Kasala): Ban kira kowa maƙaryaciya ba, kuma ban hana mace magana ba, matata ta shekara tana shugabancin zumunta. Abin da kika kawo misalai ne. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda Likita Miller na Wusasa da abokan aikinsa suka yi wa hidima har aka buga shi cikakke a 1932, misali yake kiransu, ba ƙagagge ba. Da 'yata ta ce misali ta rubuta, da ba ku ji bakina ba.

Malamin Hausa (Atbara): To ashe rigar ce ake ƙi, ba mai rigar ba. Amma ina so in gyara wa ɗan'uwana na Mai Wurno, domin ƙissa da yake tinƙaho da ita aro ce daga Larabci, kuma da wuya mutumin da rabin Hausarsa Larabci ne, mai cewa yalla da kwayyis a kowace jimla, ya zama alƙali a kan ma'anar ƙagagge.

Ɗan Mai Wurno: Malam, Allah ya gafarta maka, labari da misali da ka yarda da su, daga wane harshe suka zo? Kakanninmu sun baro gida bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin Nilu kusa da Sinnar, inda garinmu Mai Wurno yake, kuma fiye da shekara ɗari ke nan Hausa ba ta mutu a bakinmu ba. Ku da kuka zo jiya da Turanci cike da baki ne za ku koya mana?

Mai Agashe (Gadarif): Ina goyon bayan yayana ɗari bisa ɗari. Duk ƙasar nan, Balarabe da wanda ba Balarabe ba, agashe yake cewa idan yana son gasasshen nama da yaji, kuma daga bakin iyayenmu kalmar ta fito. Wanda ya ba wasu aro ba a yi masa gorin aro.

Maman Tagwaye (Bur Sudan): Iyayena, don Allah, maganata a kan furen kuɓewa ce da abin da yake koya wa mai bi a lokacin ƙunci. Har yanzu ba wanda ya ce in turo labarin ya karanta.

Malamin Hausa (Atbara): Za mu komo kansa, ƙanwata, amma sai an janye kalmar "jiya", domin shekarata goma sha ɗaya a ƙasar nan.

Mai Kula da Zaure (Sinnar): Dare ya yi, bari in taƙaita. An tabbatar cewa Hausar mutanen Sudan tsohuwa ce mai asali, kuma ba a kawo hujjar da ta rushe wannan ba. Game da kalmar da aka ja a kanta, manya sun nuna cewa tana da wari, ko da yake Malam ya kawo wani bayani na 'yan boko. Yayar mai labari ta yi zafi, muna fatan za ta nemi gafarar Baba. Ita kuma Maman Tagwaye, fahimtata ita ce ta amince ta riƙa cewa misali.

Maman Tagwaye (Bur Sudan): Malam, ban amince da haka ba, kuma ban ga inda na faɗa ba. Gwauruwar ce kawai na ƙaga. Kuɓewar tana jikin katangarmu, jiya ma na tsinki guda uku na kaɗa miya.

Mai Kula da Zaure (Sinnar): An rufe sai da safe.