Shawarwarin da na tsinto kan fara fodkas a Sakkwato

Daren jiya a majalisarmu, maganar fodkas, wato shirin murya da ake saurare ta intanet, ta ɗauke mu har goma ta wuce. Kowa ya yarda wayar hannu ta isa a fara, sai ɗan makirfon maƙalawa a wuyan riga.

Inda aka fi daɗewa shi ne amo. Aka ce a ɗauki murya bayan asuba, kafin zafi ya taso, 'yan kabu-kabu su cika titi. A kashe fanka, a saki labule, a jingina katifa da bango don ta shanye amsa-kuwwa. Na gwada, muryar ta fito tas.

Audacity, manhajar kwamfuta ta gyaran murya, kyauta ce wurin tacewa. A yanko minti 2 a tura zaurukan WhatsApp saboda tsadar data. Wani dattijo ya roƙe mu kada mu yar da Sakkwatancinmu, kuma ina bayansa.