Gem ɗin dambe nake son haɗawa: da 2D zan fara ko 3D?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ɗalibi ne a jami'ar ATBU da ke Bauchi, a Yelwa nake zaune. Tun ina ƙarami nake bin gidajen gem, kuma abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya shi ne ban taɓa ganin namu a ciki ba. Shi ya sa na ƙudiri niyyar haɗa gem ɗin dambe, da ɓangarorin 'yan dambe na Kudu da Arewa da Guramaɗa, har da kiɗan kalangu. Sai dai kwamfutata tsohuwa ce, RAM 4GB, idan aka ɗauke wuta batirinta ba ya kai awa ɗaya. Abokina ya ce in ba 3D na yi ba (wato mai zurfi, wanda ake iya gani ta kowane ɓangare) babu mai kallonsa, wai 2D (shimfiɗaɗɗen zane, marar zurfi) kayan yara ne. Na bi maganarsa na sauke wata babbar manhajar 3D, ta cinye min data, ina buɗe ta fankar kwamfutar ta hau kuka, komai ya tsaya cik. Wata uku ke nan ban tsinana komai ba. Don Allah ku ba ni shawara.

Mai gidan gem, Wunti: Wa alaikumus salam ƙanina. Abokinka bai yi ƙarya duka ba. A shagona ƙwallo da GTA San Andreas yara suka fi nema, duk 3D ne. Amma kai ba gari za ka gina ba, faɗa ne tsakanin mutum biyu. Street Fighter II na 1991 da Mortal Kombat na 1992 duk 2D ne, mutum biyu a kan layi ɗaya, wannan ya matso wancan ya ja da baya. A Mortal Kombat ɗin farko ma mutane na gaske aka ɗauka da kyamara suna naushi, aka mayar da hotunan cikin gem. Har sababbin fitowarsu na yanzu, zanen ne ya koma 3D, faɗan yana nan a kan layinsa. Na sha ganin yaro ya ajiye gem mai kyan hoto saboda yana danna maɓalli naushin na makara. Hannu ya fi ido saurin gajiya.

Malamin kwamfuta, Fadaman Mada: Ka fara da 2D, ba na ko shakka. A 3D sai ka ƙera jikin ɗan damben, ka sa masa ƙasusuwan da zai motsa da su, ka yi masa fata da haske, sannan ka zo kan kyamara, wadda ita ke karya masu koyo. A 2D zane ne kawai ke bin zane. Ka sauke Godot, manhajar haɗa gem, kyauta ce, ba ta da nauyi, kwamfutarka za ta iya da ita. Zane kuma ga Krita, ita ma kyauta. Ka kuma faɗa wa abokinka cewa Stardew Valley da ya fito a 2016 2D ne, mutum ɗaya ne ya haɗa shi, Eric Barone, shekara huɗu da wani abu yana kansa, ya kuma sayar da miliyoyi.

Ɗan Kobi: Malam ka yi min afuwa, ni dai ban gamsu ba. Duk wanda ya taɓa zama a filin dambe ya san rabin wasan zagaye ne. Ɗan dambe ya miƙa hannun garkuwa, ya ɓoye naɗaɗɗen hannun a baya, yana kewaya abokin karawarsa ƙura na tashi, yana neman kafa. Ta yaya za ka nuna wannan a kan layi ɗaya? Abin da ya sa muke son Tekken 3 ke nan, kana iya kaucewa gefe naushi ya wuce. Mai tambaya ya lallaɓa ya koyi Blender, manhajar ƙera zanen 3D, ko da shekara biyu zai yi.

Malamin kwamfuta, Fadaman Mada: Gaskiyarka a kan zagaye. Amma dubi tsayuwar da ka kwatanta: a kaikaice ɗan dambe yake tsayawa, daga gefe ake ganin hannayensa biyu sarai. Mai tambaya ya gama na 2D ɗin tukuna, mutane su buga.

'Yar Jahun: Ɗan'uwa ka tuna da wayoyin da ke hannun mutanenmu. Ƙannena sai sun goge hotuna kafin gem ɗaya ya shiga wayarsu, ta kuma ɗau zafi kamar dutsen guga. Ni kuma gem ɗin da kyamara ke juyawa jiri yake sa ni. Ina ɗan taɓa zane, in kana buƙata.

Mai tambaya: Allah ya saka muku da alheri. Na sauke Godot ɗazu, ta buɗe lafiya lau. Ɗan Kobi, maganar zagaye ta tsaya min a rai, zan gwada sa maɓallin kaucewa in gani. 'Yar'uwa, 'yan dambe biyu kawai nake so a yanzu, kowanne da tsayuwarsa, naushinsa da faɗuwarsa. Zane nawa kike ganin naushi ɗaya zai ci?