Neman shawara: aikina a kan jinin kawa ya cije

Ɗaliba daga Unguwar Rimi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina digiri na biyu a nan Kaduna, bincikena a kan enzayim ɗin da ke cikin ƙwayoyin jinin kawa masu yaƙar cuta ne. Kawa halittar ruwa ce mai ɓawo biyu, enzayim kuma sinadari ne mai hanzarta aiki a jiki. Sau biyu ana kawo min kawar bakin teku, Crassostrea gasar, daga Fatakwal a mota. Kafin ta iso, wajen rabi ta hangame baki ta mutu. Wadda ta rage kuma, da na ja jinin sai ya dunƙule a sirinji, sannan sakamakon awon laisozayim, wato enzayim mai narkar da bakteriya, yau sama gobe ƙasa. Kuɗina sun kusa ƙarewa. Don Allah a taimaka.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Kawo: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Dunƙulewar nan ba laifinki ba ne, halin ƙwayoyin ke nan, da sun fita daga jiki sai su manne wa juna, haka suke toshe rauni. Ki ɗan fasa gefen ɓawon, ki ja jinin daga tsokar da ke rufe shi, da sirinji mai sanyi wanda kika riga kika zuba wa ruwan Alsever mai hana jini dunƙulewa. Komai a kan ƙanƙara, kada ki bari ya kwana. Laisozayim ki auna da bakteriyar Micrococcus a na'urar awon haske, a tsawon zango 450 nm, sannan ki raba sakamakon da yawan furotin na kowane samfur. In ba haka ba, kawa mai yawan ƙwayoyi za ta ruɗe ki.

Malama daga Barnawa: Ni doguwar tafiyar ce ta dame ni. Kawa ba ta da garkuwa mai tuna cuta irin tamu, ƙwayoyin nan su ne sojojinta, kuma zafi da daɗewa a wajen ruwa suna canza aikinsu. Abin da kike aunawa yanzu wahalar hanya ce, 'yata. Ki je can ki ja jinin, ki daskarar, ki taho da shi. Ko ki tuntuɓi cibiyar binciken teku ta NIOMR a Legas.

Wani memba: Me zai hana ki koma kan kawar kogi, Etheria elliptica?

Malama daga Barnawa: Dangin daban ne, sai an sake taken aikin gaba ɗaya.

Ɗaliba daga Unguwar Rimi: Allah ya saka da alheri. Gobe zan kai wa malamina maganar tafiya Fatakwal. Yaya na Kawo, kashi nawa na ruwan Alsever kake sawa a jinin?

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Kawo: Rabi da rabi.