Muhawara: wai starving da famine duk ɗaya ne?

Editan labarai: Ina nan kan bakata. Starving, famished, famine, duk yunwa ce mai tsanani, mai rubutu ya ɗauki wadda ta yi masa.

Malamin Turanci: A'a, ranka ya daɗe. Starving da famished mutum suke siffantawa, kuma Bature kan ce "I'm starving" don kawai abincin rana ya makara. Ravenous na wanda zai share duk abin da aka ajiye masa ne, irin mai farfaɗowa daga jinya. Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne "very starving": kalmar ta riga ta kai maƙura, very ba ta zama da ita, sai absolutely. Famine kuwa suna ne, yanki take faɗa wa, ba mutum ɗaya ba.

Ma'aikaciyar agaji: Kuma tana da ma'auni, Malam. A tsarin IPC, wato ma'aunin ƙarancin abinci na ƙasa da ƙasa, matakai 5 ne, famine ce ta ƙarshe. Sai gidaje 20 cikin 100 sun rasa abinci matuƙa, yara 30 cikin 100 na fama da tamowa, kuma mutum 2 cikin 10,000 na mutuwa kullum. Da wannan aka ayyana ta a Somaliya a 2011, da Sudan ta Kudu a 2017, da sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam a Darfur ta Sudan a 2024.

Editan labarai: To ai nan gizo ke saƙar, Hajiya. A 2005 Shugaba Tandja ya ce babu famine a Nijar, alhali cibiyoyin ciyar da yara a Maraɗi sun cika maƙil. Mu zauna jiran alƙaluma yara na mutuwa?

Ma'aikaciyar agaji: Wannan ƙorafin naka gaskiya ne. A Somaliya an ƙiyasta mutum kusan 260,000 suka rasu, wajen rabinsu tun kafin sanarwar. Amma in ka rubuta famine ba a kai ba, gwamnati za ta ƙaryata kalmar, da ita za ta binne sauran labarin. Rubuta abin da aka auna: mataki na 4, da yawan yaran da kaurin damtsensu bai kai santimita 11.5 ba, alamar tamowa mai tsanani.

Editan labarai: Wa zai tsaya karanta "mataki na 4" a kanun labari?

Malamin Turanci: To sa starvation a kanun. Tana nufin jiki na lalacewa don rashin abinci, ba ta jiran sanarwar kowa. Alƙaluman Hajiya su biyo a sakin layi na farko.