Shawarwari ga mai shirin tafiya ci-rani Legas

Waɗanda suka daɗe a Ikko bakinsu ɗaya: kada ka hau mota sai ka san wanda zai sauke ka. A Agege, Idi-Araba ko Mile 12, fara kai gaisuwa wurin Sarkin Hausawa, domin shi ake nema in rigima ta taso.

An fi jan kunne a kan acaɓa. Tun Yunin 2022 gwamnatin jihar ta haramta shi a ƙananan hukumomi 6, ciki har da Ikeja, Surulere da Apapa, daga baya ta ƙara wasu 4. Babur ɗin da aka kama murƙushe shi ake yi, kuma in na bashi ne, biya bai faɗi ba. Dako a kasuwar tumatir da albasa ya fi aminci, ko da yake jiki na faɗa maka.

Riƙe katin NIN a aljihu, ka buɗe asusun banki. Kuɗin da ke kwana a ƙarƙashin tabarma a ɗakin mutum goma ba ya kaiwa damina. Masu gida kan nemi hayar shekara cur, ga na dillali, shi ya sa sabon zuwa yake raɓawa da 'yan garinsu tukuna.